Murya ta riga baki: tambayoyi da amsoshi kan daidaita sauti da hoto idan bidiyo ya lalace

Shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura a cikin Katsina. Aikina ɗaukar bidiyo da editin, sai kuma kwashe tsofaffin faifai zuwa waya da filashi. Duk bayan Sallah, da lokacin da bukukuwa suke cunkushewa gab da azumi, ƙorafi ɗaya ne yake dawowa: an juya fayil daga wani tsari zuwa wani, hoto ya fito tas, amma liman ya rufe baki kafin a ji ya ce "Fatiha", ko a ji guɗa tun amarya ba ta leƙo ba. Tambayoyin nan daga yaran shago na tattaro su, da abokan sana'a na Daura da Mashi da Dutsin-Ma, da masu kawo aiki. Mai sauri ya fara da tambayar gane irin saɓanin, don kusan duk sauran a kanta suka rataya.

Me yake raba murya da baki, alhali fayil ɗaya ne?

A ido ne yake ɗaya. A ciki kaya biyu ne aka zuba a buhu guda, kuma MP4, MKV, AVI, MOV da MTS duk sunayen buhun ne kawai. Hoto yana tafiya a layinsa, firem bayan firem, wato tsayayyun hotuna a jere, 25 ko 30 a kowane sakan. Sauti yana nasa layin, an yayyanka shi gutsure 44,100 ko 48,000 a sakan guda. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne hatimin lokaci: kowane ƙunshi na hoto ko na sauti yana ɗauke da lambar da ke faɗin lokacin da za a fito da shi.

Lalacewar fayil tana nufin wasu ƙunshin sun ɓace, ko sun nan amma lambobinsu sun rikice. A ce hoto ya rasa firem 50 a fayil mai firem 25, sauti kuma bai rasa komai ba. Hoton ya gajarta da sakan 2 ke nan. Idan babu wanda ya cike wannan ramin, daga nan har ƙarshe baki zai riƙa riga murya da sakan 2.

Oga, kafin in juya shi lafiya lau yake a VLC. Ina juyawa ya rikice. Me ya faru?

VLC, manhajar kallon bidiyo, tana karanta hatimin lokaci. In ta iso rami sai ta tsallake, ta duba lambar da ke gaba, ta daidaita kanta, kai kuma ba ka ga komai ba illa ɗan tsayawar hoto. Da yawa daga ƙananan manhajojin kwanbatin da muke saukewa kyauta ba ruwansu da lambobin. Suna kwashe firem ɗin da suka samu su jera bi da bi, su kwashe sauti su jera, su buga musu sabbin lambobi. Ramin ya rufe a gefe ɗaya kawai, kuma shaidar cewa an taɓa yin rami ta tafi.

Albishir ne idan na asalin yana tafiya daidai a VLC, domin lambobinsa suna nan da rai. Ka watsar da wanda ka juya, ka koma kan na asali, ka bi abin da na faɗa a amsar saɓanin da yake tsalle.

Mene ne abu na farko da zan yi kafin kowane gyara?

Kwafi. Ka kwashe fayil ɗin zuwa kwamfuta, ka ajiye guda ɗaya da ba za a taɓa ba, ka yi aiki a kan na biyu. Idan kwamfuta ta ce memorin yana son a yi masa fomatin, ko ta nemi ta gyara shi da kanta, ka ce a'a. Kada kuma ka ƙara ɗaukar komai a kansa.

Da kaina na koyi wannan. Wani dattijo ya taɓa kawo min memori daga Daura, bikin 'yarsa ne. Na juya, na kalli minti biyun farko, na ga komai lafiya, na goge na asali don in sami wuri, na wanke memorin na tafi wani aikin da shi. Bayan kwana uku ya dawo. Daga wajen minti 40 muryar maroƙi ta kama gabanta, hoto ya kama nasa, kuma saɓanin ba iri ɗaya ba ne daga wuri zuwa wuri. Sai da na kwana biyu ina yanka da hannu abin da layi ɗaya na FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni, zai gyara da na asalin yana nan. Bai yi faɗa ba. "Allah ya kyauta, yaro," kawai ya ce, kuma da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi.

Ta yaya zan san matsalar daga fayil take, ba daga na'urata ba?

Ka kunna shi a na'ura ta biyu, da manhaja ta biyu. Tsohuwar kwamfuta tana iya gazawa da bidiyon 4K, hoto ya riƙa ja da baya sauti na gaba, alhali fayil ɗin ba abin da ya same shi. Lasifikar Bluetooth da abin saƙalawa a kunne mara waya su ma suna jinkirta sauti. Ka cire su, ka saurara da mai waya. Na sha ganin yaro ya "gyara" fayil mai lafiya da Bluetooth a kunne, ya mayar wa mai shi da ciwon da bai zo da shi ba, gyaran gangar Auzinawa.

Yaya zan gane irin saɓanin da nake fama da shi?

Wuri uku za ka duba: farko, tsakiya, ƙarshe. A kowane wuri ka auna tazarar ka rubuta a takarda, tare da minti nawa ne da kuma wanda yake gaba, murya ko baki. Idan tazarar ɗaya ce a duka ukun, saɓani ne tsayayye, kuma shi ya fi sauƙi. Idan farko daidai ne, tsakiya sakan 2, ƙarshe sakan 4, saɓani ne mai girma a hankali: ɗaya daga cikin biyun yana gudu fiye da ɗan'uwansa. Idan kuwa komai daidai ne har minti 23, nan take kuma tazara ta bayyana ta zauna, wannan mai tsalle ne, kuma a daidai wannan wurin fayil ɗin ya ji rauni.

Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Wanda ya matsar da sauti gaba ɗaya a fayil mai tsalle zai gyara ƙarshe ya ɓata farko. Mummunan fayil yakan haɗa biyu ko ma ukun, don haka in lambobin da ka rubuta ba su bi tsari ba, ka ƙara auna wurare, duk bayan minti 10.

Manhajar MediaInfo kyauta ce kuma tana taimakawa a nan. Ka kwatanta Duration na hoto da na sauti, ka duba Frame rate da Frame rate mode, sannan Sampling rate na sauti. Tsawon biyun in ya bambanta da sakanni da yawa, ka sami bakin zaren.

Da me ake auna tazarar, kuma nawa ne ido yake iya kamawa?

Ka nemi abin da ake gani ana kuma ji a lokaci guda: tafi, bugun kalangu, rufe ƙofar mota, saukar naushi a dambe. In magana ce kawai, ka bi harufan da leɓɓa suke haɗuwa a kansu, wato b da m. "Bismillahi" da "Muhammadu" sun fi kowace kalma amfani a wannan aiki. A VLC ta Windows, maɓallin K yana jinkirta sauti da milisakan 50, J kuma yana janyo shi gaba da 50. Milisakan kashi ɗaya ne cikin 1,000 na sakan. Ka yi ta dannawa har su haɗu, ka rubuta lambar da ta nuna. Ka sani VLC ba ta ajiye wannan a cikin fayil. Awo ne kawai.

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna a ƙa'idarta cewa mutane suna fara lura idan sauti ya riga hoto da kamar milisakan 45, amma idan bayansa yake sai ya kai wajen 125. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa hangen mace tana daka daga nesa: taɓarya ta riga ta ɗaga kafin ƙarar ta iso. Sauti yana cin mita 340 da ɗoriya a sakan, don haka kunnenmu ya saba da ya makara, bai saba da ya riga ba. In za ka yi kuskure, gara sauti ya ɗan makara. Firem ɗaya a tsarin 25 milisakan 40 ne, saboda haka saɓanin firem ɗaya ba abin ɓata dare ba ne.

Wannan yana da wani tarko. Idan ka ɗauki Hawan Sallah daga nesa a Ƙofar Soro, ko Hawan Magajiya a Daura, kada ka auna da harbin 'yan bindiga. Mai bindigar da ke mita 100 daga kyamara, hayaƙinsa zai riga ƙararsa da kusan kashi ɗaya cikin uku na sakan, kuma haka Allah ya yi shi, ba lalacewa ba ce. Ka auna da abin da yake kusa da makirufo.

Tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Yaya zan gyara ba tare da hoto ya rage kyau ba?

Ba sai ka sake juya shi ba. Manhajar MKVToolNix za ta yi maka cikin ɗan lokaci: ka jefa fayil, ka zaɓi layin sauti, ka rubuta lambar da ka samu a VLC a gurbin Delay. Lamba zalla tana jinkirta sauti, mai alamar ragi a gabanta tana janyo shi gaba. Buhun kawai take canzawa, ba ta taɓa kayan ciki, don haka ingancin hoto yana nan yadda yake. Avidemux ma tana da gurbin Shift, in ka bar hoto da sauti a kan Copy.

Mai amfani da FFmpeg, idan murya ce ta riga da rabin sakan, ga shi: `ffmpeg -i biki.mp4 -itsoffset 0.5 -i biki.mp4 -map 0:v -map 1:a -c copy gyararre.mkv`. Idan muryar ce ta makara, sai ka sauya zuwa `-map 1:v -map 0:a`, hoton ne zai jira. Akwai tsofaffin talabijin da 'yan akwatunan kallo da ba sa kula da irin wannan jinkirin, musamman a MP4. In a kan irinsu za a kalla, ka gwada a can kafin ka miƙa aiki.

Farko daidai ne, amma tazarar tana ƙaruwa a hankali. Me ya kawo haka?

Galibi lissafin firem ne ya saɓa. Nijeriya tsarin talabijin na PAL muke bi, firem 25. Kyamarorin da aka yi don kasuwar Amurka da Japan suna ɗauka ne a 29.97, fina-finai kuma a 24 ko 23.976. Idan fayil ya lalace har manhaja ta kasa karanta ainihin lambar, sai ta yi ƙiyasi. Ta ɗauki 29.97 a matsayin 30, za ka sami sakan 3.6 na saɓani a kowace awa. Ta ɗauki 24 a matsayin 25, minti biyu da rabi ke nan a awa. Waɗannan lambobin in ka gan su a awonka, ka san mai laifin. Gyaransa shi ne ka gaya wa MKVToolNix ainihin lambar a gurbin FPS na layin hoto, ba sai an taɓa sauti ba.

Sauti ma yana yin nasa. Wanda aka ɗauka a 48,000 aka karanta a 44,100 zai yi nauyi, ya ja jiki, ya ƙara sama da minti 5 a awa. Wannan kunne ma yana kama shi, don muryar amarya sai ta koma kamar ta yayanta. Idan kuma da waya aka ɗauka, ka duba amsar bidiyon waya, don nasa ciwon daban ne.

Lambobina ba su yi kama da waɗannan ba. Yaya zan lissafa da kaina?

Ka nemo wuri can kusa da ƙarshe. A ce tafsiri ne, farkonsa daidai, a minti 80 murya ta makara da sakan 4.8. Minti 80 sakan 4,800 ne. Ka haɗa 4,800 da 4.8, ka raba da 4,800, za ka sami 1.001. Sautin yana son a ƙara masa sauri da wannan adadin: `ffmpeg -i tafsiri.mp4 -c:v copy -af atempo=1.001 -c:a aac sabo.mp4`. Idan riga ta yi ba makara ba, sai ka debe maimakon haɗawa, ka sami 0.999. A Audacity, manhajar gyaran sauti, Change Tempo ne yake yin wannan aikin ba tare da ya canza kaurin murya ba.

Wannan lissafin yana aiki ne kawai in tazarar tana girma a kan tsari ɗaya. Ka tabbatar a minti 40 rabin abin da ka gani a minti 80 ne. In ba haka ba, tsalle-tsalle ne ƙanana suka taru, ka wuce tambaya ta gaba.

Komai lafiya, sai a wani wuri hoto ya farfashe, daga nan murya ta rabu. Wannan fa?

Wannan shi ne ainihin ciwon fayil mai rauni, kuma a nan ne FFmpeg ta fi duk wata manhaja mai maɓallai masu kyau. Ka fara da jin abin da za ta ce: `ffmpeg -v error -i lalatacce.mts -f null -`. Za ta bi fayil ɗin daga farko zuwa ƙarshe ta zayyano kurakuran da ta tarar. Layi biyu ko uku, rauni kaɗan ne. In allon ya cika ya yi ta gudu, ka shirya wa mai aikin magana tun yanzu.

Sannan ka juya shi ta yadda za a cike ramuka maimakon a rufe su: `ffmpeg -fflags +genpts+discardcorrupt -i lalatacce.mts -af aresample=async=1000 -fps_mode cfr -r 25 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac sabo.mp4`. Sashen farko yana ƙirƙiro hatimin da ya ɓace ya kuma zubar da ƙunshin da ya ruɓe. Sashen aresample yana bin hatimin sauti: ƙaramar tazara ya ja ko ya matse, wadda ta wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan ya cike ta da shiru ko ya datse. Shi kuma cfr yana maimaita firem na ƙarshe a inda hoto ya ɓace. Lambar 25 ɗin ka canza ta zuwa abin da MediaInfo ta nuna. FFmpeg da ta girmi 5.1, wadda ta fito a 2022, ba ta san fps_mode ba, sai ka rubuta `-vsync cfr`.

Idan na asalin ya tafi, sai wanda aka riga aka juya ne a hannunka, babu sauran dabara illa almakashi. Ka buɗe shi a manhajar editin, ka raba sauti da hoto, ka yanka a daidai inda tsallen ya faru, ka matsar da sautin abin da ya biyo baya har ya hau. Tsalle biyar, yanka biyar.

Da waya na ɗauki kamu da daddare. Fayil ɗin bai lalace ba, amma ina sa shi a editin sai ya saɓa.

Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya. In haske ya yi ƙasa, ko ta ɗauki zafi, sai ta rage, in ta samu sarari ta ƙara. A MediaInfo za ka ga Frame rate mode ya nuna Variable. Ita wayar ta san lissafinta, amma tsofaffin manhajojin editin da yawa suna ɗauka adadin tsayayye ne. Ka bi da fayil ɗin ta HandBrake, manhajar juya bidiyo, kafin editin: a shafin Video ka zaɓi 30, ko 25 in da hoton kyamara za ka haɗa shi, ka danna Constant Framerate. Bidiyon da aka naɗa daga fuskar waya ko ta kwamfuta shi ma haka yake.

Batir ya mutu ana cikin ɗauka, fayil ɗin yana nan da nauyinsa amma ya ƙi buɗewa. Ya tafi ke nan?

Ba lallai ba. Kyamara tana zuba hoto da sauti a MP4 ko MOV tun ana ɗauka, amma jadawalin da ke faɗin inda kowane ƙunshi yake, wanda ake kira moov, sai an danna tsayawa take rubuta shi. Wuta ta yanke kafin nan, kaya suna nan, jadawali babu. Shi ya sa FFmpeg take cewa moov atom not found. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Untrunc tana sake gina jadawalin, amma tana buƙatar lafiyayyen fayil daga kyamarar nan, da saitin nan, don ta kwaikwaya. In ba ka da shi, ka ɗauki kyamarar yanzu ka naɗi minti ɗaya ba tare da ka canza komai ba, a kan wani memorin daban.

Abin da Untrunc ta fitar sau da yawa yakan zo da saɓani, don ƙiyasi ta yi. Ka ɗauke shi kamar sabon marar lafiya, ka koma awon wuri uku. AVI ma jadawalinsa a ƙarshe yake, sai dai nasa ya fi sauƙi: sau da yawa sake masa buhu zuwa MKV da `-fflags +genpts` da `-c copy` ya wadatar. MTS kuwa bai dogara da irin wannan jadawalin ba, shi ya sa yakan buɗe ko da an yanke shi a tsakiya.

Malam, faifan bikina ne na shekarun baya, duk ya karce. Za a iya ceto shi?

Hajiya, a fara wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, a goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana faifai karantuwa. Daga nan kada a juya shi kai tsaye daga faifan. A kwashe shi da manhajar da ba ta gajiya da maimaita karatu, irin IsoBuster ko ddrescue, waɗanda suke iya cike inda ya gagara da sifili don tsawon fayil ya zauna yadda yake. In wannan na'urar ta kasa, a gwada wata, don ba ƙarfin idonsu ɗaya ba.

Idan VCD ne, za ki ga fayil mai suna AVSEQ01.DAT a cikin MPEGAV. Tsarin nan na 1993 ne, hotonsa 352 a 288, sautinsa 44,100. Don bidiyo mai tsawo ya shiga faifai ɗaya, an rage masa kariyar gyaran kuskure da faifan bayanai yake da ita, shi ya sa karce kaɗan yake fitowa a matsayin murabba'ai masu launi da ƙarar tsuwwa, kuma kowane irin wannan wurin zai iya zama tsalle. Idan DVD ne, bikin yana rarrabe a fayilolin VOB masu kusan gigabait 1 kowanne. A buɗe jakar VIDEO_TS gaba ɗayanta a HandBrake, kada a juya VOB ɗaya-ɗaya. Kyan hoton kuwa ba zai wuce yadda aka naɗe shi ba.

Kyamarata ta raba doguwar ɗauka gida uku. Duk inda na haɗa sai sauti ya ɗan yanke.

Memorin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, kyamarorin AVCHD kuma, tsarin da Sony da Panasonic suka fitar a 2006, wasunsu tun a wajen gigabait 2 suke yankawa. Yankan yana faɗawa ne a tsakiyar ƙunshi, rabi a wannan fayil, rabi a wancan. Ka juya su daban-daban, kowace mahaɗa ta ci wani abu. Ka manne su tukuna kamar yadda suke, a Windows: `copy /b 00000.MTS+00001.MTS+00002.MTS duka.mts`, sannan ka juya. Wannan dabarar tana yi wa MTS da VOB, amma kada ka gwada ta da MP4, don kowannensu da jadawalinsa. MP4 sai ta MKVToolNix ko LosslessCut.

Na dawo da fayilolin da aka goge, amma sun fito a hargitse.

Manhajoji irin PhotoRec da Recuva suna nemo farkon fayil su bi abin da ya biyo shi. In memorin ya daɗe ana gogewa ana rubutawa, bidiyon a warwatse yake, sai su kwaso gutsuren wani su haɗa. Layin FFmpeg na amsar tsalle yakan ceci wani sashe, amma inda aka riga aka rubuta wani abu a kai ya tafi. Akwai kuma memorin jabu da ya cika kasuwa: a rubuce gigabait 64, a ciki 8. Fayilolin farko lafiya, na bayan duk fanko. Duk sabon memori ka gwada shi da H2testw kafin ka je biki da shi.

Ta WhatsApp aka turo min, ko ta Xender. Yana da alaƙa?

Yana iya kasancewa. WhatsApp tana sake matse bidiyon da aka tura a matsayin bidiyo, don haka wanda ya iso maka an riga an juya shi sau ɗaya, kuma in da rauni a na asalin, ya daskare a ciki. Ka ce a turo shi a matsayin Document, wanda tun 2022 yake ɗaukar har gigabait 2. Turin da ya yanke a hanya kuwa, ko ta wace manhaja, yana barin guntun fayil. Ka kwatanta nauyinsa a wayoyin biyu, in bai zo ɗaya ba a sake turowa.

Ba ni da kwamfuta. Waya za ta iya?

Saɓani tsayayye, ƙwarai. A CapCut ko KineMaster ka cire sautin zuwa layinsa, ka buɗa layin sosai da yatsu biyu, ka ja shi har ya hau. Tsalle ɗaya ko biyu ma za ka iya da yanka. In kallo kawai kake so, VLC da MX Player na Android duk suna da wurin jinkirta sauti. Fayil da ya ƙi buɗewa, ko faifai, ko saɓani mai girma a hankali, ka nemi mai kwamfuta.

Na ɗauki sauti daban daga mikisa, hoto daga kyamara. Sun fara tare, sun rabu a ƙarshe.

Ba lalacewa ba ce. Kowace na'ura da agogonta a ciki, kuma babu biyun da suke tafiya daidai ɗari bisa ɗari, sai a doguwar ɗauka bambancin yake fitowa. Lissafin atempo da ke sama shi ne maganinsa. Gaba kuma ka sa duka biyun a 48,000, ka sa yaro ya yi tafi ɗaya a gaban kyamara a farko, ɗaya a ƙarshe. Kada ka kashe makirufon kyamara ko da ba za ka yi amfani da sautinsa ba, da shi za ka gwada na mikisa. Ka tuna kawai in kyamarar tana can bayan rumfa, mita 30 daga lasifika, nata sautin ya makara da kusan milisakan 90.

Walimar sauka ce, kuma wurin da ya lalace ya faɗa a kan karatu. Wanne zan taɓa, hoto ko sauti?

Hoto. A biki ko hawa ba wanda zai damu in an datse rabin sakan na kiɗa, amma a karatun Alƙur'ani, ko tafsiri, ko musabaƙa, rabin sakan harafi ne, ko madda ce da aka gajarta. Saboda haka a irin wannan aikin ba na barin aresample ta yanke hukunci ita kaɗai, tunda ta iya datsewa. Nakan ciro sautin shi kaɗai da `-vn -c:a copy`, in saurare shi daga farko har ƙarshe, sannan in yanka hoton in jera shi a kan sautin. Inda hoto ya gaza, sai in rufe da abin da ke akwai: allon mai sauka, jama'a a kan tabarma, hannun malam. Gyaran atempo na 1.001 ba ya canza karatu a kunne, amma in lissafi ya kai irin na 24 da 25, hoton nake ja ko in matse.

Idan sautin ne da kansa ya ɓace a tsakiyar aya, ba na manne bakin ramin yadda kalmar gaba za ta haɗu da ta baya kamar ba a rasa komai ba. Nakan bar shirun a wurinsa, in rubuta a ƙasan hoto cewa sauti ya yanke a nan, in faɗa wa mai aikin minti da sakan ɗin. Kafin nan nakan tambaye shi ko akwai wanda ya ɗauka da waya a wajen. Kusan kullum akwai, ko ƙanen mai sauka ko wata gwaggo da ke zaune a gaba, kuma sautin wayar, duk da hayaniyarsa, yana cike sakan ukun nan. Sai dai a bi da shi ta HandBrake tukuna, kamar yadda na faɗa a amsar bidiyon waya, kafin a ɗora shi a kan layin sauti a manhajar editin.